Kariton, Longus ko Heliyodorus: Wane Littafin Soyayyar Girkawa Ya Kamata Ɗalibi Ya Fara Karantawa a Harshen Asali?

Ɗalibin da ya kwashe shekara biyu yana koyon tsohon Girkanci a jami'a, ya haddace i'irabin sunaye da juye-juyen aikatau, ya ɗan taɓa Aflatun da mawaƙi Homa a gaban malami, yakan kai wata gaɓa da ake ce masa ya zaɓi littafi guda wanda zai karanta da kansa tsawon zangon karatu, ko wanda zai gina kundin kammala digirinsa a kai. Ko a wata jami'ar Turai yake, ko a sashen Girkanci da Latin na Jami'ar Ibadan wanda ke nan tun kafuwar kwalejin a 1948, ko a Legon ta ƙasar Gana, idan hankalinsa ya karkata ga ƙagaggun labaran soyayya na Girkawan dā, zaɓin da ke gabansa bai wuce littattafai biyar ba, domin su kaɗai suka iso mana a cike. Su ne labarin Kalirowe na Kariton, da labarin Antiya da Habrokomis na Zenofon mutumin Afisa, da Dafnis da Kulowi na Longus, da Liyukife da Kilitofon na Akilis Tatiyus, sai kuma labarin Karikiliya da Tiyaginis na Heliyodorus. Sauran duk guntaye ne da aka tono daga rairayin Masar, ko taƙaitawar da wasu malaman Bizantiya suka yi wa littattafan da suka ɓace.

Daga nesa littattafan biyar kamar 'ya'yan gida ɗaya suke. An rubuta su ne tsakanin ƙarni na 1 da na 4 Miladiyya, lokacin da biranen Girkawa ke ƙarƙashin mulkin Rumawa, kuma ƙashin bayan labarin bai cika sauyawa ba: saurayi da budurwa masu tsananin kyau sun haɗu, so ya kama su a kallon farko, ƙaddara ta raba su, an sace, an sayar, an yi zaton ɗaya ya mutu, daga bisani suka sake haɗuwa. Wannan kamanceceniyar ce ta sa manazarta suka daɗe suna yi musu kallon raini, kamar yadda aka yi wa littattafan soyayyar Kano kafin jami'o'i su fara ɗaukarsu da muhimmanci. Bajamushen nan Erwin Rohde, wanda littafinsa na 1876 ya zama tushen nazarin fannin, ya ɗauki Kariton a matsayin autan marubutan, ya kai shi can ƙarni na 5 ko na 6, sai ga guntayen takardun fafiras daga Masar sun nuna ana karanta shi tun ƙarni na 2. Yau mafi yawan masana suna ganin shi ne ma na farko cikin biyar ɗin, ko kuma ɗaya daga cikin biyun farko. Amma wanda zai karanta su a harshen asali zai gane tun a shafin farko cewa kamar da ke tsakaninsu ta labari ce kawai, domin ta fuskar harshe akwai tazara mai nisa, kuma wannan tazarar ita ce abin da ya kamata ta yanke masa hukunci.

Abu na farko da ɗalibi zai duba shi ne tsawo, tun da yake wanda bai iya lissafin guzuri ba a hanya yake kwana. Littafin Zenofon bai kai kalmomi 17,000 ba, na Longus yana wajen 20,000, na Kariton kimanin 35,000, na Akilis Tatiyus ya ɗan haura 40,000, na Heliyodorus kuwa ya wuce 75,000. A ɗauka ɗalibi yana iya karanta kalmomi 300 a rana da kyakkyawar fahimta, kwana biyar a mako, har mako 12. Abin da zai tara shi ne kalmomi 18,000, wato zai gama Zenofon, ya kusa gama Longus, ya ci rabin Kariton, Heliyodorus kuwa ko kashi ɗaya cikin huɗu bai kai ba. Sai dai wannan lissafin yana yaudara, domin kalmomi 300 na wani marubucin sun fi 600 na wani cin lokaci, kuma saurin mai karatu yana ƙaruwa a wasu littattafan fiye da wasu.

Zenofon na Afisa shi ne mafi sauƙi, kuma ba sai an daɗe a kansa ba. Jimlolinsa gajeru ne, kalmominsa na yau da kullum ne, yana kuma maimaita salon magana iri ɗaya duk lokacin da wani ya faɗa cikin baƙin ciki ko ya isa sabon gari, har wasu masana suka ce alamar labarin baka ce a jikinsa. Wasu kuma sun ce abin da muke da shi taƙaitawa ce, saboda wani ƙamus na Bizantiya na ƙarni na 10 da ake kira Suda ya ce littafin juzu'i goma ne, alhali biyar ne a hannunmu. Ko wanne ne gaskiya, labarin gudu yake yi ba numfashi: yanzu Antiya ta sha maganin da ta zata guba ce ta farka a cikin kabari, yanzu an gicciye Habrokomis a bakin Nilu iska ta jefa shi cikin ruwa. Ga wanda ke son ya ware ƙafa a lokacin hutu kafin a koma makaranta, babu kamarsa. Amma a matsayin littafin zango ko na kundi, ruwansa ba shi da zurfi, kuma abin da mai karanta Girkancinsa zai samu bai ɗara na mai karanta fassara da yawa ba.

Gasar gaske tana tsakanin Kariton da Longus, kuma a nan ne nake ganin ɗalibai da yawa suke zaɓe bisa suna ba bisa buƙata ba. Longus ya fi shahara nesa ba kusa ba. Tun da Jacques Amyot ya fassara shi zuwa Faransanci a 1559 bai sake fita daga hannun masu karatu a Turai ba, kuma shi ne wanda malamai suka fi sanyawa a manhaja. Labarin a tsibirin Lesbos yake, a karkarar birnin Mitilini, inda wani makiyayi ya tsinci jariri akuya tana shayar da shi, bayan shekara biyu wani makiyayin ya tsinci jaririya tunkiya tana shayar da ita. Da yaron ya kai shekara 15 yarinyar kuma 13 aka tura su kiwo tare, so ya shige su ba su san sunansa ba, kuma duk juzu'i huɗu na littafin labarin yadda suka koyi wannan sunan ne, lokutan shekara suna juyawa a kansu daga bazara zuwa hunturu. Babu doguwar tafiya zuwa ƙasashen nesa kamar a sauran littattafan. 'Yan fashin teku da mayaƙa su ne suke zuwa su same su a makiyaya.

Jimlolin Longus a ido suna da sauƙi, domin gajeru ne, an jera su bibbiyu ko uku-uku, tsawonsu ɗaya, ƙarshensu yana amsa juna. Wanda ya taɓa zama a zaure ana jan Muƙamar Hariri zai gane wannan salon nan take, saboda irin saja'in nan ne da ke sa zube ya yi kusa da waƙa, kuma wannan shi ne abu na farko da fassara ke kashewa. Matsalar tana cikin kalmomi. Littafin cike yake da sunayen itatuwa da furanni da tsuntsaye da ƙwari da kayan kiwo da na matsar inabi, waɗanda ɗalibi bai taɓa gamuwa da su a Aflatun ba kuma ba lallai ya sake gamuwa da su ba. Ga ɗalibin da ya tashi a Katsina ko Damagaram wahalar ninki biyu ce, domin idan ya buɗe ƙamus ya nemi sunan wata bishiya, sunan Turancin da za a ba shi ma baƙo ne a wurinsa, sai ya sake neman hotonta kafin ya san abin da ake nufi. Gaskiya ne cewa zai fi ɗan birnin Landan fahimtar halin akuya da yadda garke ke bin sautin sarewar makiyayi, amma wannan bai rage yawan buɗe ƙamus ba.

Wahala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Longus marubuci ne da kusan kowane shafinsa yana zolayar wani tsohon littafi, kuma idan mai karatu bai san littafin ba, zolayar ta wuce shi. Tun a gabatarwa ya kira aikinsa da wasu kalmomi biyu, kitema terfinon, wato dukiya mai daɗi ga dukkan mutane. Wanda ya karanta masanin tarihi Tusididis zai tuna cewa shi ya kira nasa littafin dukiya ta har abada, bayan ya amsa cewa mai yiwuwa ba zai yi wa masu sauraro daɗi ba tun da babu tatsuniya a cikinsa. Longus ya ɗauki kalmar dukiyar, ya liƙa mata daɗin da Tusididis ya yi watsi da shi, ya kuma yi haka a bakin ƙofar labarin wasu yara makiyaya biyu. Haka nan tufar da ta rage ita kaɗai a can ƙololuwar reshe a ƙarshen juzu'i na uku daga waƙar Safo ta fito, ita ma 'yar Lesbos ce, duniyar makiyayan gaba ɗaya kuwa aro ce daga waƙoƙin Tiyokiritus na ƙarni na 3 kafin Miladiyya. Ɗalibin da bai karanta ko ɗaya cikin waɗannan ba zai gama littafin ya ce labari ne mai daɗi na yara marasa wayo, alhali marubucin yana can gefe yana murmushi shi da masu karatunsa na birni. Saboda haka Longus littafi ne na karantawa a hankali, a gaban malami ko da sharhi a buɗe, kuma ladansa yana ƙaruwa gwargwadon abin da mutum ya riga ya karanta kafin ya zo gare shi.

Kariton ta wata hanya ya bi. Ya gabatar da kansa a layin farko a matsayin mutumin Afrodisiyas, wani birni da kufansa ke kudu maso yammacin Turkiyya ta yau, kuma magatakardan wani lauya mai suna Atenagoras, ya ce zai ba da labarin wata soyayya da ta faru a birnin Sirakus na tsibirin Sisili. Ya ɗora labarin a kan tarihi na gaske, domin jarumar tasa 'yar Hamokiratis ce, janar ɗin da ya karya rundunar Atina a Sisili a shekara ta 413 kafin Miladiyya. Mijinta Kairiyas, da magauta suka cusa masa zargi, ya haure ta da ƙafa ta suma, aka ɗauka ta mutu aka binne ta da dukiya, ɗan fashin teku ya fasa kabarin ya same ta da rai ya kai ta Militus ya sayar. A can ta gane tana da ciki, sai ta tsaya tsakanin abu biyu, ko ta haifi jikan janar a cikin bauta, ko ta auri ubangidanta Diyonisiyus ta bar shi ya ɗauka ɗansa ne. Zancen zucin da ta yi a juzu'i na biyu, tana shawara da kanta da ɗan da ke cikinta da hoton mijinta, yana daga cikin wurare mafi ƙarfi a duk littattafan biyar, kuma Girkancinsa bai fi ƙarfin ɗalibin shekara ta uku ba. Daga nan shari'a ta kai gaban Sarkin Farisa a Babila, maza biyu kowanne yana cewa matarsa ce, alƙalin da kansa kuma ya faɗa cikin tarkon da ya zo warwarewa.

Abin da ya sa na fifita Kariton ga mai farawa shi ne irin harshensa. A zamanin da aka rubuta sauran manyan littattafan uku, marubutan Girkanci sun shiga wani yayi na kwaikwayon harshen Atina na shekaru ɗari biyar ko shida da suka gabata, suna tono tsofaffin kalmomi da sigogin aikatau da bakin mutane ya riga ya bari, kamar dai marubucin Larabci na yau da ya ɗaura niyyar yin rubutu da harshen mawaƙan Jahiliyya. Kariton bai shiga wannan yayin sosai ba. Girkancinsa na mai ilimi ne, amma yana kusa da harshen gama-gari na zamaninsa, wanda ake kira Koine, shi ya sa ɗalibin da ya shigo fannin ta ƙofar Sabon Alkawari, kamar waɗanda suka fara Girkanci a makarantun tauhidi, zai ji kamar ya shiga gidan maƙwabci. Kalmominsa suna dawowa: kyau, kishi, kabari, jirgi, wasiƙa, shari'a, taron jama'a. Wanda ya sha wuya a juzu'i na farko zai ga na biyu ya yi sauƙi, kafin ya kai na huɗu kuwa zai tarar yana juya shafi ba tare da ya taɓa ƙamus ba sai jefi-jefi. Marubucin ma yana taimakawa, domin a farkon juzu'i na biyar da na takwas ya tsaya ya maimaita abin da ya gabata. Wannan ne ya sa lissafin da aka yi a sama bai yi masa adalci ba, tun da ɗalibin da ya fara da kalmomi 300 a rana yana iya ninka su kafin tsakiyar zango.

Ba a rasa zurfi a cikinsa ba kuma. Sau da yawa yakan jefa baitin Homa a tsakiyar jimla ba tare da sanarwa ba, sai ka ji zube ya rikiɗe ya zama waƙa na layi ɗaya sannan ya koma, kuma a fassara wannan ba ya fitowa sai da bayanin ƙasan shafi. Bambancinsa da Longus shi ne, wanda bai gane baitin ba bai rasa zaren labarin ba, wanda ya gane kuma ya sami ƙari. Inda Kariton ya gaza shi ne kayan taimako. Longus yana da sharhin J. R. Morgan na 2004 da na Ewen Bowie na 2019, duka biyun suna bin littafin daga farko har ƙarshe, alhali mai karanta Kariton ya fi dogara ga bugun Loeb na G. P. Goold na 1995, mai Girkanci a hagu da Turanci a dama. Wannan tsarin na shafi biyu jarrabawa ce ga mai raunin zuciya, domin ido yakan zame zuwa dama tun kafin ƙwaƙwalwa ta yi aikinta, kuma ɗalibin da bai rufe shafin dama da takarda ba zai kai ƙarshen zango yana zaton ya karanta Girkanci.

Akilis Tatiyus shi ne wanda na fi jinkirin ba wa mai farawa, ko da yake shi ya fi su ban dariya. Shi kaɗai ne cikin biyar ɗin ya sa jarumin ya ba da labarinsa da bakinsa: wani matafiyi ya tsira daga hadari a teku ya isa Sidon, yana kallon wani zane, sai wani saurayi ɗan Taya mai suna Kilitofon ya tanka masa, suka zauna a inuwar itatuwa kusa da ruwa, wurin da ke tuna wa mai karatu wata tattaunawar Aflatun a kan so, daga nan saurayin ya kama magana har juzu'i takwas, marubucin kuwa bai sake komawa ga matafiyin ba. Sau uku aka nuna wa Kilitofon cewa budurwarsa ta mutu, a na farko ma a kan idonsa aka farke cikinta, daga baya ta bayyana cewa jakar fatar tunkiya ce da takobin 'yan wasan kwaikwayo. Harshensa tsalle-tsalle yake yi, jimloli guntaye da aka cire musu aikatau, wasa da kalmomi, sannan dogayen kauce-kauce a kan dorinar ruwa da kada da giwa da birnin Iskandariya, kowanne da nasa baƙin kalmomin. Akwai kuma wuraren da ya yi maganar jiki ba sakaya, abin da Fotiyus, babban limamin cocin Kustantiniya a ƙarni na 9, ya yi tir da shi duk da ya yaba salon rubutun, kuma ɗalibin da zai fassara a gaban aji gara ya san da wannan tun da wuri. Sharhin Tim Whitmarsh na 2020 ya sauƙaƙa juzu'i biyu na farko, amma daga na uku ɗalibi zai ji an sake masa hannu. Littafi ne da ke yi wa al'adun wannan nau'in labari ba'a, kuma ba'a ba ta kama wanda bai san abin da ake yi wa ita ba, don haka ya fi dacewa ya zo bayan Kariton.

Heliyodorus kuwa shi ne babban gida. Kwatanta shi da Akilis Tatiyus tsohon aiki ne, domin tun a ƙarni na 11 malamin Bizantiya Mika'ilu Faselos ya rubuta maƙala a kan haka ya fifita Heliyodorus. Marubucin ya ce shi Bafinike ne daga Emesa, wato Homs ta Siriya a yau, kuma ana saɓani ko a ƙarni na 3 ya rayu ko na 4, saboda yadda ya siffanta kewaye birnin Siyene, wato Aswan ta Masar a yau, da ruwa ya yi kama da bayanin da Sarkin Rum Yuliyan ya yi a kan yaƙin birnin Nisibis na shekara ta 350. Littafin ya buɗe da gari yana wayewa, ko kuma kamar yadda Girkancin ya ce, rana tana fara murmushi, wasu 'yan fashi sun leƙo daga kan tudu a bakin Nilu sun ga jirgi cike da kaya ba kowa a ciki, gawarwaki a warwatse tsakanin kayan liyafa, wata budurwa kuma zaune a kan dutse tana kallon wani saurayi mai rauni. Mai karatu bai san ko su wane ne ba, kamar yadda 'yan fashin ba su sani ba, kuma ba zai san yadda aka yi aka kai ga wannan ba sai a ƙarshen juzu'i na biyar, bayan wani dattijo malamin addinin Masar mai suna Kalasiris ya ba da dogon labari mai labarai a cikinsa.

Akwai dalilin da zai sa ɗalibi daga Afirka ya ji littafin nan yana kiransa. Jarumar, Karikiliya, 'yar sarkin Itiyofiya ce, kuma abin da Girkawa ke nufi da wannan sunan shi ne ƙasar da ke kudu da Masar, mai babban birni a Merowe, wadda dalolinta ke nan har yau kimanin kilomita 200 arewa maso gabas da Khartum a Sudan. An haife ta fara alhali iyayenta baƙaƙe ne, saboda mahaifiyarta ta kalli wani zane lokacin ɗaukar ciki, tsoron zargi ya sa aka yar da ita, ta girma a Delfi a matsayin Bagirkiya, tafiyar littafin gaba ɗaya kuwa komawa gida ce, daga tsakiyar duniyar Girkawa zuwa Merowe. A sauran littattafan kusan kowa Girkanci yake ji duk inda aka je, amma Heliyodorus ya damu da wanda ke jin harshen wani da wanda ba ya ji, yana kawo tafinta, yana sa a karanta wasiƙar da aka rubuta da haruffan sarautar Itiyofiya a jikin ƙyallen da aka yar da jaririyar da shi. Ga mai neman batun kundin digiri na biyu a kan asali da launin fata da harshe a tsohuwar duniya, babu inda ya kai nan albarka.

Sai dai farashinsa yana da tsada. Jimlolinsa dogaye ne, yana jera siffofin da aka ƙera daga aikatau ɗaya cikin ɗaya, yana jinkirta babban aikatau har sai mai karatu ya kusa manta mai aikin, kuma da gangan yake yi, domin yadda yake ɓoye sirrin labarin haka yake ɓoye ƙarshen jimlar. Yana son baƙin kalmomi, yana aro daga Homa da mawaƙan wasan kwaikwayo, kuma bugun da aka daɗe ana dogara da shi, na jerin Budé, fassararsa da bayanansa da Faransanci suke, abin da zai zame wa ɗalibin Yamai ko Maraɗi sauƙi, ya zame wa na Zariya ƙarin nauyi. Ɗalibin shekara ta uku da ya ɗauke shi a matsayin littafinsa na farko yana iya shafe mako guda a shafuka uku, kuma ba abin da ke kashe sha'awar harshe kamar labari mai jan rai da mutum ya kasa matsawa a cikinsa.

Wani abin da ya kamata mai shirin kundi ya sani shi ne yadda matanin ya iso mana. Littattafan Kariton da Zenofon a cike sun dogara ne ga rubutun hannu guda ɗaya tak na ƙarni na 13, wanda ke ajiye a ɗakin karatu na Laurenziana a birnin Filorens na Italiya, shi ya sa ba a buga Zenofon ba sai a 1726, Kariton kuma sai a 1750, alhali Heliyodorus ya fito tun 1534 a Basel. Wannan kundin ne kuma kaɗai ya adana wani yanki na juzu'in farko na Longus, inda Kulowi ta fara jin ciwon da ba ta san sunansa ba. Bafaranshe Paul-Louis Courier ya gano yankin a 1809, ya kwafe shi, sannan tawada ta zube a kan shafin daga hannunsa, aka yi ta rigima ko da gangan ya yi. Ma'anar wannan ga ɗalibi ita ce, a wurare da dama abin da yake karantawa gyaran editoci ne, kuma matanin da ake samu kyauta a intanet, kamar a rumbun Perseus, galibi daga bugun ƙarni na 19 aka ɗauko shi. Ya isa a yi karatun yau da kullum da shi, amma wanda zai kafa hujja a kan kalma guda dole ya nemi sabon bugu ya duba ƙasan shafi.

Idan aka ce in ba ɗalibin da ya gama shekara biyu shawara, kuma babban burinsa shi ne ya wayi gari yana karanta Girkanci ba yana warware shi kamar lissafi ba, Kariton zan miƙa masa, in ce ya ƙudura gama juzu'i biyar na farko a zango guda, wato har shari'ar Babila, ragowar ukun kuma zai ga ya cinye su a hutu ba wanda ya sa shi. Idan kuwa akwai malamin da zai zauna da ajin, kuma ɗalibin ya riga ya ɗanɗana waƙar Girkanci, Longus ya fi, da sharaɗin a haɗa shi da waƙar Tiyokiritus ta farko da 'yan guntayen Safo a makonnin farko, ko da hakan zai sa a bar wani ɓangare na juzu'i na huɗu. Wanda zuciyarsa ta nace sai Heliyodorus, kada ya yi yunƙurin bin sa daga farko har ƙarshe a zango ɗaya. Ya fara karanta littafin duka a fassara don ya riƙe zaren, sannan ya ɗauki juzu'i na farko a Girkanci, ya tsallaka zuwa na huɗu inda Kalasiris ya karanta rubutun da ke jikin ƙyallen, ya ƙare da na goma inda aka gane Karikiliya a gaban iyayenta a Merowe ta wurin wani baƙin tabo da ya zagaye damtsenta. Waɗannan ukun sun kai nauyin zango guda ga ɗalibi mai himma, kuma su ne sassan da mafi yawan muhawarar masana a kan littafin ke komawa gare su.